Kurakuran mai koyon Sabiyanci idan hira ta kai kan duwatsu

Mutanen Sabiya ba sa gajiya da zancen duwatsunsu. Da hunturu a nufi Kopaonik wasan ƙanƙara, da zafi a gudu Zlatibor ko Tara shan iska. Ko ba ka da niyyar hawan dutse, wannan hira sai ta riske ka, kuma a cikinta ne nahawun mai koyo yake tonuwa.

Kuskuren farko da shi muke tahowa daga gida. A Hausa wanda yaro ya jefa dutse ne, Dala ma dutse ne. Sabiyanci ya raba su. Kamen shi ne na jifa ko na gini, stena ƙaton dutse tsirara, brdo tudu, planina kuwa babban dutse mai dazuzzuka da ƙauyuka a jikinsa. Ƙololuwa ita ce vrh. Za ka ga gora, wata kalmar da ita ma take nufin dutse, a sunaye irin su Fruška gora da Crna Gora, wato Montenegro, amma a hirar yau da kullum planina ake cewa. Sannan dutse namiji ne a bakinmu, alhali planina mace ce, vrh namiji, brdo kuma yana jinsi na uku, ba namiji ba mace. Sifa tana bin kowanne: visoka planina, visok vrh, visoko brdo.

Inda na fi so a tsaya a natsu shi ne ƙarshen kalma. Mu ko "za ni kan dutse" muka ce ko "ina kan dutse", dutsen bai motsa ba. Sabiyanci yana da sigogin suna guda 7, kuma wutsiyar kalmar ce take faɗin ko tafiya kake yi, ko kana can, ko ka juyo. Idem na planinu, za ni dutse. Ja sam na planini, ina kan dutse. Silazim sa planine, ina saukowa daga dutse. Mai koyo yakan kama guda ɗaya, galibi na planinu, ya yi ta cusa ta ko'ina. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka ɗauka hazo ya rufe, jagoran tafiya ya kira ka a waya yana neman inda kake: na vrhu sam yana nufin ka iso ƙololuwa, idem na vrh kuwa kana hanya. Harafi ɗaya ya raba vrh da vrhu, kuma shi zai nuna inda za a neme ka.

Sunayen duwatsun ma ba su tsira ba: na Taru, na Tari, sa Tare, na Kopaonik, na Kopaoniku, sa Kopaonika. Mai kalma biyu duka biyun suke juyawa: na Frušku goru, na Fruškoj gori, sa Fruške gore. Kuma abin da ka hau da kalmar na, da kalmar sa kake saukowa daga gare shi. Abin da ka shiga da u, da iz kake fitowa. Kwari shi ne dolina, don haka u dolinu, u dolini, iz doline. Wanda ya dawo hutu daga dutsen Zlatibor sa Zlatibora zai ce, ba iz ba. Gyaran da na fi yarda da shi: kada ka taɓa haddace sunan dutse shi kaɗai. Haddace shi uku-uku, zuwa da zama da dawowa, ka faɗe su da ƙarfi har bakinka ya saba.

Aikatau na hawa biyu ne. Penjati se hawan da ake cikin yi ne, popeti se hawan da ya kai ƙarshe. Penjao sam se dva sata, na yi awa biyu ina hawa, ba ta ce ka kai ba. Popeo sam se na vrh ita ce ta tabbatar. Mace popela sam se za ta ce. Ƙaramar se ɗin nan ba a yar da ita.

Wajen tsawo, visok ne, viši ya fi tsawo, najviši ya fi duka. Za ka ji wasu 'yan ƙasar suna cewa višlji. Ba daidaitaccen harshe ba ne, kada ka kwaikwaya. Najveći kuma girma yake nufi, ba tsawo ba. Ƙidayar mita tana kallon lambar ƙarshe: 1 tana ɗaukar metar, 2 zuwa 4 metra, sauran metara. Pančićev vrh na Kopaonik 2017 metara ne, Midžor da ke Stara planina a kan iyakar Bulgariya 2169 metara. Tarkon yana daga 11 zuwa 14, waɗanda duk metara suke ɗauka. Avala da ke kusa da Belgrad 511 metara ce, ba metar ba.

Saura lafazi. Harshenmu ba ya son baƙaƙe a jere, sai mu sa wasali mu ce "birdo". A vrh da brdo, r ɗin da kansa yake aikin wasali. A kaɗa shi kawai a wuce. Harafin c nasu ana furta shi kamar t da s a haɗe, namu c ɗin č suke rubuta shi, j nasu kuma y ne. Ć ɗan'uwan č ne mai laushi, duka biyun suna cikin sunan Josif Pančić, masanin tsirran da aka raɗa wa ƙololuwar Kopaonik sunansa. Kada kuma ka jinkirta koyon rubutun Sirilik, domin da haruffa iri biyu ake rubuta harshen. A allon hanya vrh yana iya zuwa a matsayin врх, ido ya ga kamar "bpx", alhali в ɗin v ne, р ɗin r ne, х kuma h.