Yadda Ake Kula da Furanni a Lokacin Marka

A watan Agusta, idan marka ta kankama a Kano da Zariya, ruwa kan sauko da safe, rana ta ɗan leƙo, kafin la'asar kuma hadari ya sake haɗowa. Yawan ruwa ne ke kashe fure a wannan lokaci, domin saiwar da ta daɗe cikin taɓo ba ta samun iska, sai ta ruɓe, ganyen ya yi rawaya ya zube.

Saboda haka a fara duba gindin kowace tukunya, a tabbatar hujinta bai toshe ba, sannan a ɗora ta bisa bulo. Idan ƙasar laka ce, a gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen takin shanu. Kada a yi ban ruwa sai an tura yatsa an ji ƙasar ta sha iska.

Furen wardi kuwa akwai shi da raki. A tsinke duk ganyen da ya yi baƙin ɗigo a ƙone, a rage rassa domin iska ta ratsa. Dogayen tsirrai a kafa musu sanda, a ɗaure da tsumma, kada iskar hadari ta kwantar da su.