Yadda Ake Ƙera Jirgin Yaƙi Mai Sauka a Ruwa Domin Wasan Kwamfuta

Duk mai son mayar da jirgin yaƙi ya zama mai sauka a kan ruwa a wasan tuƙin jirgin sama, ya kamata ya fara da nazarin waɗanda aka taɓa ƙerawa da gaske. Mafi dacewa shi ne A6M2-N, wanda kamfanin Nakajima na Japan ya samar daga Zero, jirgin yaƙin Japan na Yaƙin Duniya na Biyu, har guda 327. An cire masa tayoyi, aka ɗaura masa babban kwale-kwale ɗaya a ƙarƙashin ciki da ƙanana biyu a ƙarƙashin fukafukai. Ingila kuwa kwale-kwale biyu ta sa wa jirginta na yaƙi Spitfire.

Bayan ka zaɓi tsari, sai ka lissafa girma kafin ka buɗe Blender, manhajar zana siffofi na 3D. Ƙa'ida ita ce kwale-kwalen ya iya ɗaukar abin da ya zarce nauyin jirgin da kashi 80 cikin ɗari, wato jirgi mai kilo 2,500 yana buƙatar wanda zai ture lita 4,500 ta ruwa. A ƙasansa ka yanka ɗan mataki, kaɗan bayan tsakiyar nauyin jirgin, domin shi ne yake sa ruwa ya saki jirgin lokacin tashi. Sandunan da ke riƙe da kwale-kwalen kuma su yi tsawon da farfela ba za ta riƙa dukan feshin ruwa ba.

Inda mutane da yawa suke yin sakaci shi ne lissafin tashi, kuma a ganina nan ne ainihin aikin yake. Jirgin da aka rataya wa kwale-kwale amma yana gudu yana juyi kamar dā, yaudarar ɗan wasa ne kawai. Zero yana kai kilomita 533 a awa, amma A6M2-N bai wuce kimanin 435 ba, saboda haka ka ƙara nauyi da turjiyar iska har sai saurin ya faɗi daidai gwargwado. Haka kuma gaban kwale-kwale yana tare iska ta gefe, yana sa hancin jirgin lilo, shi ya sa injiniyoyin Nakajima suka faɗaɗa abin karkata jela, suka ƙara ɗan fiffike a ƙarƙashinta. Kai ma ka yi hakan, a zane da kuma a lissafi.

A wasan Microsoft Flight Simulator, cikin fayil ɗin saitin jirgi, wuraren da jirgi yake taɓa ruwa ana ba su lamba 4, sitiyarin ruwa (abin karkata jirgi a kan ruwa) kuma lamba 5. Ka gwada shi a ruwa mai kwanciya tukuna. Idan hancinsa yana nutsewa yana tasowa yayin gudu, sai ka gyara mazaunin matakin ko na tsakiyar nauyi, ka sake gwadawa.