Yadda ake maƙala fil a jikin kilt, siket ɗin mazan Skotland

Wanda ya fara ganin ɗan fil ɗin ƙarfen da ke jikin kilt zai ɗauka an sa shi ne don ya riƙe tufar kada ta buɗe. A nan ne masu sabon shiga ke ɓata kayansu. Kilt ana ɗaura shi ne kamar zani, falle ɗaya kan ɗaya a gaba, bayansa kuma duk tattara ce, kuma na asali yana cin yadi 8 na ulu. Abin da ke riƙe shi a ƙugu maɗauran fata ne. Aikin fil nauyi ne kawai: ya danne fallen sama don iskar tsaunukan Skotland kada ta ɗaga shi, sannan ya ƙara ado.

Da farko ka ɗaura kilt ɗin, ka tsaya gaban madubi. Gezar fallen sama za ta faɗo a ɓangarenka na dama, to can fil ɗin yake zama. Daga bakin ƙasa ka auna kamar inci 4 zuwa sama, daga geza kuma kamar inci 2 zuwa ciki. In ka samu wani layin zanen yadin ya ratsa wurin, bi shi, ya fi kyau a ido.

Sai ka sa hannun hagu a ƙarƙashin fallen sama, ka raba shi da na ciki, ka soka fil ɗin a na saman shi kaɗai. Wannan matakin ne ya fi komai muhimmanci. Idan ka haɗa fallayen biyu, duk takun da ka yi yadin zai ja, ramin ya riƙa faɗaɗa har ulun ya yage, kuma kilt ɗin ya daina kaɗawa yadda ya kamata. Abin takaici ne a ga tufa mai tsada haka ta lalace saboda kuskure ɗaya.

Fil mai siffar takobi, tsininsa ƙasa yake kallo. Akwai kuma mai furen ƙaya, alamar ƙasar Skotland, da mai tambarin dangin mutum.

Bayan ka rufe maƙullin, ɗan ja shi ka tabbatar ya kama, don wurin rawar biki ne fil ya fi faɗuwa. Ni shawarata, in ya zauna daidai ka bar shi a wurin, sai ranar da za a kai kilt ɗin wanki ka cire.