Kafin ki shafa komai a wuyan nan, fara duba shi

Sana'ata ɗinki, a Bukoki nake, nan Yamai. Wadda ke auna wuyan mata daga safe har la'asar dole idonta ya buɗe, ko da ba ta yi karatun likita ba. Mace za ta shigo tana susar ƙuraje a wuya, in ce lafiya, ta ce "zafi ne kawai". Wani lokaci zafin ne, wani lokaci kuwa sam. Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta koya mini yadda ake bambancewa.

Da farko cire hijabi, ki fita inda akwai haske. Ƙeya ba ta ganuwa a madubi, sai ki ba wata waya ta ɗauko miki hoto. Ki lura da siffar ƙurajen, da inda suka tsaya, sannan ki tuna abin da ya taɓa wurin a kwanakin nan.

In ƙanana ne kamar tsabar gero, suna tsikari in kin yi zufa, ƙurajen zafi ne. A Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura 40, jarirai da yawa suna da su a lanƙwasar wuya. Hanyar zufa ce ta toshe, don haka basilin da man shanu ƙara toshe ta suke yi. Wanka da ruwa mai sanyi, a tsane wurin sosai, a sa tufafin auduga, a bar wuyan ya sha iska. Cikin 'yan kwanaki sukan kwanta.

Akwai kuma waɗanda ke bin layi. Wata amarya ta zo gwajin kaya, ƙuraje sun zagaye wuyanta daidai inda sarƙa ke kwanciya, har da ɗan tabo a wurin maƙalin. Sarƙar lefe ce, mai ruwan zinariya, da ruwan ya goge sai ƙarfen nikel na ciki ya riƙa cin fatarta. Ta ajiye sarƙar, sati biyu wurin ya lafa. Haka humra da turaren da ake shafawa kai tsaye a wuya, da baƙin rinin gashi, da sabuwar shadda mai sitaci. Ni ma na taɓa yin laifin: na yi wa wata Hajiya aiki da zare mai ƙyalli a wuyan riga ban sa shafi ba, ta dawo tana yi mini faɗa, kuma da gaskiyarta.

Kyasbi tabo ne mai haske ko duhu, ki kankare da farce ki ga gari-gari. Sabulun ruwa mai ketoconazole na farmasi yana kashe shi, amma launin fata sai ya yi watanni kafin ya dawo, kada ki ce magani bai yi ba. Makero kuwa zobe yake yi, bakinsa a tashe, tsakiya a shafe. Ana shafa man clotrimazole safe da yamma, sati 2 zuwa 4, kowa kuma ya riƙe tawul nasa. In ya hau kan yaro cikin gashi, shafawa ba ta isa, sai maganin sha daga likita.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙananan man nan na kasuwa da ake cewa suna maganin komai. Juya kwalin ki karanta. In kin ga betamethasone ko clobetasol, ajiye shi. Ƙaiƙayi zai kwanta kwana biyu ki yi murna, makeron kuwa yana can yana yaɗuwa, fata ta yi siriri, nankarwa ta fito. Man bilicin da yawa abin da ke cikinsu ke nan.

Wuyan da ya yi baƙi da kauri, mai laushi kamar karan-miski, ba dauɗa ba ne. Daina dirza shi da soso, ki je a auna miki suga.

Wasu alamun ba a kwana da su. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, da amai, da wuyan da ya ƙi lanƙwasa, wannan sanƙarau ake tsoro. Mu da muke Yamai a 2015 mun tuna yadda aka rufe makarantu saboda shi. In akwai tabo, danna gefen kofin gilashi a kai, wanda bai dushe ba na haɗari ne. A baƙar fata ki duba tafin hannu da tafin ƙafa. Amma kada ki tsaya jiran tabo, sanƙarau kan zo ba tare da shi ba. Yaro mai zazzaɓi da tari da jan ido, ƙuraje suka faro daga bayan kunne suna gangarowa, ƙyanda ce, a kai shi asibiti, a kuma raba shi da sauran yara. Haka wadda leɓenta ya kumbura ko numfashi ya yi mata wuya bayan ta sha wani magani, ko fata ta fara salewa, ko wurin ya ɗau zafi yana fidda mugunya.

In za ki likita, kwashe duk abin da kika shafa ko kika sha ki zuba a jaka, har da na gargajiya. Yayata ta ce ba abin da ke wahalar da su kamar a ce musu "wani ɗan mai ne fari, na manta sunansa".