Yadda za ku gane ainihin halin da makarantar ƙauyenku take ciki

Wannan na rubuta shi ne saboda iyaye da 'yan kwamitin kula da makaranta (SBMC) na ƙananan makarantu irin tamu nan ƙasar Jigawa, wadda ajujuwa shida ne amma malamai huɗu. Kullum in an zauna a dandali sai ka ji wani ya ce makaranta ta mutu wani ya ce ai ana ƙoƙari, amma ka tambaya yara nawa ne a aji huɗu sai kowa ya yi shiru. Toh ga yadda muke yi, littafin rubutu ɗaya da biro sun isa.

Ku fara ƙidaya daga cikin gari tukunna kafin makaranta. A samu mai unguwa da liman a yi musu bayani, sannan a bi gida-gida a rubuta duk yaro ɗan shekara 6 zuwa 11, mace ko namiji, da unguwarsu, wanda aka tura almajiranci a sa alama, yaran ruga ma a je har can a rubuta su. Dan Allah ku tafi da mace ko biyu, don namiji iyakarsa zaure, kuma iyaye mata su ne suka san shekarun yara, wata za ta ce miki an haife shi daminar da ruwa ya ci gonaki, daga nan sai ku lissafa. In an gama sai a ɗauko rijistar makaranta a gwada da wannan, duk sunan da ke gari babu shi a rijista shi ne aikinku na farko, tunda dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku kyauta ne kuma dole ne.

Amma fa rijista kaɗai ba ta isa ba, sai an je an ƙirga kawuna ba tare da an sanar ba. Ku je ranar Litinin, ku je ranar kasuwa, ku je lokacin noman farko da lokacin girbi. Ni na taɓa shiga aji biyar ranar kasuwarmu, rijista ta ce 19 na tarar da 7 a kan tabarma, 'yan matan duk sun ɗau farantin talla tun safe, wallahi ranar na daɗe tsaye bakin ƙofa na rasa abin cewa. Ashe matsalar ajin ba malamin ba ne kamar yadda muke ta faɗa.

Yanzu ga inda na fi so a nutsu. A ƙaramar makaranta lissafin kaso cikin ɗari yana ruɗar mutane sosai. Misali bara yara 8 suka zauna jarrabawar shiga sakandare 6 suka ci, kaso 75 kenan, bana kuma 8 suka zauna 5 suka ci sai ya koma kaso 62 da rabi, sai ka ji ana cewa makaranta ta faɗi ƙasa a canza hedimasta, alhali yaro ɗaya ne tal, ƙila ma zazzaɓi ne ya kwantar da shi satin jarrabawa. Saboda haka ku haɗa sakamakon shekara uku kafin ku yanke hukunci, kuma ku bi yaran da sunayensu, tunda ba su da yawa kowa kun san gidansu.

Sannan ku gwada karatun da kanku, kar ku tsaya kan makin da ke cikin sakamakon zango. A kira yaro shi kaɗai gindin bishiya, ba tsawa ba bulala, a ba shi baƙaƙe da wasula, in ya wuce a ba shi gaɓoɓi irin ba bi bu, sai kalmomi, sai ɗan labari layi huɗu da Hausa, a ƙara da tarawa da ɗebewa kaɗan. Inda ya tsaya a rubuta gaban sunansa. Zango na gaba a sake, nan ne za ku ga wanda ya matsa da wanda ke nan inda yake. Wannan takardar sirri ce, kar wani ya ɗauke ta hoto ya watsa a WhatsApp, 'ya'yan mutane ne.

Abin da kuka tattara ku fara zama da hedimasta da malamai cikin girmamawa, bayan nan ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi ne mai isar da shi SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a Dutse. In kuna neman ƙarin malami ku lura, ƙa'idar ƙasa malami ɗaya yara 35 ne a firamare, toh makaranta mai yara 140 da malamai huɗu a takarda ta cika, amma ajujuwa shida ne, kullum biyu na zaune ba kowa ko an cusa su aji ɗaya. Wannan shi za ku rubuta ɓaro-ɓaro a takardarku. In kuma ƙidayar ta nuna yaran ruga da yawa ba sa zuwa, ku tambayi sakataren kan tsarin ilimin makiyaya, akwai hukumarsa ta tarayya tun 1989. Ku ajiye kwafi ɗaya wurin shugaban kwamiti, ku sa ranar da za ku koma bibiya.