Yadda na gyara muryar finafinan karate a majiginmu na Tawa

Da muka maido kallon tsofaffin finafinan karate na Hong Kong a filin unguwarmu, daren Asabar, abu guda ya so ɓata mana shiri: sai duka ya sauka, can daga baya a ji ƙararsa. A fim ɗin faɗa wannan ba ƙaramin lahani ba ne, don daɗin kallon yana wurin haɗuwar naushi da ƙara. Dattawan da suka san zamanin Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973, nan take suka gane.

Na bi sawu, ashe lasifikar Bluetooth ce ke jinkirta murya. Na cire ta, na haɗa ampili, wato na'urar ƙara murya, da kwamfuta ta igiyar waya, rabin matsalar ta tafi.

Sauran daga fim ɗin ne, yawanci an kwafo su daga tsofaffin kaset. A VLC, manhajar kallon fim a kwamfuta, maɓallin J yana jawo murya ta zo da wuri, K yana jinkirta ta, kowane latsi milisakan 50. Kada ku daidaita da bakin 'yan wasa, tunda fassarar Faransanci aka ɗora, ba za ta taɓa dacewa ba. Ku nemi wurin da sanda ta bugi sanda, ku saita da shi tun da rana, kafin jama'a su shimfiɗa tabarmi.