Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoto a tsofaffin lungunan Beijing

Mutanenmu masu zuwa Chaina, ɗalibai ne ko 'yan kasuwar da suka samu kwana biyu suka leƙa Beijing, kusan kowa sai ya shiga lungunan nan da ake ce wa hutong ya ɗauki hoto, amma gaskiya yawancin hotunan da nake gani ba sa nuna kyan wajen ko kaɗan, kuma abin yana damuna. Tun zamanin daular Yuan aka shata tsarin lungunan nan, tsakanin 1271 da 1368, an rushe da yawa, waɗanda suka rage kuwa sun cancanci a ɗauke su da natsuwa.

Babban kuskure shi ne lokaci. Sai mutum ya yi barcinsa ya tashi, ya ci abinci, ya fito da rana tsaka, bangon ya yi fari fat gefe guda, ɗaya gefen kuma baƙi ƙirin. Ka lura yawancin lungunan daga gabas zuwa yamma suka miƙe, saboda gidajen ana gina su ne babban ɗaki na kallon kudu don ya sha rana lokacin sanyi. To kenan da hantsi da kuma bayan la'asar hasken rana yana bin tsawon lungun ne, yana gogar jikin bango, a lokacin ne bulon nan mai ruwan toka yake fito da kowane tsagi da kowane faci. Masu miƙewa daga kudu zuwa arewa su ne rana ba ta sauka ƙasansu sai wajen azahar, don haka tun kafin ka fita ka duba taswira a wayarka ka ga ina lungun ya dosa.

Sai kuma maganar 0.5 ɗin nan na kyamarar waya, mai buɗe hoto ya yi faɗi, da kowa ya ƙware a kai. Lungu ya yi ƙunci, sai mutum ya danna 0.5 ya ɗaga wayar sama wai don komai ya shiga, ƙarshe bango ya kwanta ciki kamar zai faɗo, ƙofa ta karkace, wanda ke gefen hoton kansa ya yi tsawo. Dan Allah ka ja baya. Ka sa zum a 2x, ka riƙe wayar a tsaye cak daidai ƙirjinka, ka kunna layukan nan masu raba fuskar kyamara gida tara ka daidaita gefen ƙofa da ɗaya daga cikinsu. Zum ɗin yana matso da na nesa kusa, sai rufi ya hau bayan rufi, bishiya ta shigo, lungun ya yi zurfi. Inda 0.5 ke da amfani shi ne waje irin Qianshi Hutong kusa da Qianmen, wanda a wani wurin faɗinsa bai wuce santimita 40 ba, nan kam ƙuncin ne abin nunawa.

Rufin ma ana zaluntarsa. Bakin rufi da ke lanƙwashewa sama shi ne adon ginin, amma sai ka ga an datse shi a rabi. Ko ka shigar da shi duka ka bar masa ɗan sarari, ko ka matsa sosai ka ɗauki jerin tayil ɗin kaɗai. Haka in gini mai daidaiton gefe biyu ne, kamar tsohuwar Hasumiyar Ganga ta Beijing ko masallacin Niujie da aka fara ginawa a 996, ka tsaya tsakiya sosai, taku ɗaya gefe ya isa ya ɓata hoton, in ba za ka samu tsakiyar ba gara ka koma kusurwa gaba ɗaya kowa ya san da gangan ka yi.

In sama ta yi fari babu komai a cikinta, rage ta. Ka taɓa wajen da ya fi haske a fuskar wayar ka ja hasken ƙasa kaɗan, duhu ana iya gyara shi daga baya, farin da ya ƙone ba ya dawowa.

Wani abin kuma, kowa Nanluoguxiang yake nufa, alhali titin nan mai kusan mita 800 yanzu shaguna ne da cunkoson 'yan yawon buɗe ido. Lunguna takwas ne suka ɓalle ta kowane gefensa, ka shiga ɗaya, misali Mao'er Hutong, cikin minti kaɗan za ka ji shiru. Kuma kar ka tsaya jiran sai lungu ya zama wayam babu kowa, wallahi hoton mutuwa yake. Ka zaɓi ƙofa mai kyau, ka daidaita komai, ka jira mai keke ya gifta ko tsohuwa da ledar cefane, mutum ɗaya tak shi zai nuna girman bangon. Wayoyin wuta da shanya da kejin tsuntsu ma kar ka yi ta fama da goge su, mutane ne ke zaune a wajen.

Ƙofofin su ne abin da aka fi wucewa da sauri. Ka durƙusa ka dubi duwatsun nan biyu da ke gindin ƙofa, wasu zagaye kamar ganga wasu masu kusurwa huɗu, da sassaƙa a jikinsu, sannan ka ɗaga kai za ka ga turakun katako biyu ko huɗu sun leƙo saman ƙofar. Jan fentin da ya ɓare a kan toka-tokar bango ya isa hoto shi kaɗai, ba sai ka zuba masa filta har jan ya koma kamar na tumatir ba, ka bar launin yadda shekaru suka mayar da shi.

Abin da ya fi min ciwo shi ne kutsawa gidan mutane. Ƙofa a buɗe ba izini ba ce. Da yawa daga cikin gidajen nan iyalai da dama ne ke zaune a tsakar gida ɗaya, wasu har sun manna takarda a ƙofa suna roƙon kar a shigo. A gidajen gargajiya za ka ga wani bango yana fuskantarka da ka leƙa, an gina shi ne don kar na waje ya hango cikin gida, aikin da zaure ke yi mana kenan, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin ba a wuce zaure sai an ce shigo. Tsofaffin da ke zaune suna buga daran nan nasu, ka yi musu murmushi ka nuna wayarka, in sun gyaɗa kai ka ɗauka ka nuna musu, in sun kaɗa hannu ka sauke wayar ka wuce. Yara kuwa sai da yardar iyayensu.